Ƙaninka Ya Zo Neman Wasanmu, Buba

Zuwa ga abokina Buba, a duk tsaunin da wannan saƙo ya iske ka.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dabbobi. Ni ne Ayuba mai shagon gem, wasan kwamfuta, na bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, in har ka manta da ni. Lambarka ta daina shiga tun shekarar rikicin da kuka kwashe kuka yi gabas, shi ya sa na shimfiɗa maganar a fili, ko wani da ya san rugarku zai karanta maka. Masu leƙe su leƙa, ba abin kunya a ciki.

Ƙaninka Sale ya shigo shagona ranar Talata. Ya zama zankaɗeɗen saurayi, da dogon wuyan nan naku. Ya ce shi da Innarku sun dawo wajen hanyar Kachia, nono ya kawo mata kasuwa a kan mashin, kai kuma kana can inda waya ba ta kamawa. Yana sa ƙafa, shago ya yi tsit, sai ƙarar janareto. Tambaya ɗaya ya yi mini. Wai wasan nan da kake ba shi labari, wanda mutum ke farawa da bukka guda ya gina ƙasa, an ce yana da lamba-lamba, da wanne zai fara?

Ga shi kuma, Buba, Bitrus yana zaune a wurin. Bitrus ɗan yayana Yohanna, wanda kake ɗauka a wuya yana ƙarami. Ka tafi kafin labarin ya kai ka: a shekarar rikicin aka tare Yaya Yohanna a hanyar gonarsa ta citta a gindin dutsen Kagoro, bai dawo gida ba. Har yau ba a san hannun wa ba ne, amma Bitrus ya riga ya yanke nasa hukuncin a kan mutanenku. Sai na ce wa Sale ya dawo Asabar.

Ka san garinmu. Faɗan samari biyu a kan kujera yana iya rufe kasuwa kafin azahar. In aka taɓa Sale a shagona, ba a shagona abin zai tsaya ba, kuma ban san da wane ido zan kalli Inna ba.

Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. Wani cikin yaran ya ce, "Oga Ayuba, shagon nan namu ne ko nasu?" Masu sauƙin cikinsu suka ce in ba shi sabon, na shida, a kwamfutar lungu, in toshe masa kunne da iyafis, ya buga shi kaɗai kowa ya huta.

Kuma fa ba su yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da wani baƙo ne ya tambaye ni, ba zan yi dogon tunani ba. Na ɗaya da na biyu sun tsufa, sojojin kamar tururuwa, sai mai son wahala. Na huɗu in ka loda shi kwamfutata takan yi nishi kamar tsohuwar bas a kan tudu. Na biyar shi ne na ɗan koyo, yana riƙe maka hannu yana nuna maka inda za ka yi gona da inda za ka haƙa rijiya. Na shida kuwa kyau kamar fim, ruwa yana motsi, ciyawa tana kaɗawa, sai dai shan data. Amma duk waɗannan na baya-bayan kowa da tasa na'ura, kowa ya kalli gabansa. Sai ka shekara kana yaƙi da mutum ba ka ji warin zufarsa ba.

Na uku ne kaɗai namu. Mummuna ne, mai taurin kai, ba ya koya wa kowa komai. Amma shi ne mutum biyu ke bugawa a kwamfuta ɗaya, kujera ɗaya, layi-layi. In layinka ya ƙare ka tashi ka juya baya, kada ka ga inda ɗan'uwanka ya ɓoye sojojinsa.

Ka tuna? Kana tsayawa a bakin ƙofa, fuskarka ga layin dogo, kana fito irin na kiran shanu don in san ba ka leƙe. Kakan ce, "Mai leƙe yakan ci wasa, amma sai ya nemi sabon aboki."

Ka tuna Mama tana aiko mana da paten acca, tana cewa, "Sarakunan duniya, ku ci kafin ƙasa ta ƙwace muku." Kai kuma kullum shanu kake tarawa a wasan maimakon sojoji, ina cinye ka, kana dariya kana cewa yunwa za ta rama maka.

Da labarin na uku Sale ya girma, ba na shida ba. In na ajiye shi a lungu da iyafis, na amsa tambayarsa, amma na yi masa ƙarya. Na uku kuwa sai da abokin bugu, kuma bayan ni da kai, mutum ɗaya ne a garin nan ya iya shi: Bitrus. Ni na koya masa, a kujerarka. Na so in zauna da Sale da kaina, sai na ga yaran za su ce Oga yana lallashin kwastoma ne, Bitrus kuma zai ci gaba da kallonsa daga nesa da idon nan da ba na so.

Na tambayi Bitrus ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce, "Zan buga, Onkul. Zan share shi daga taswira." Ranar ko abinci bai shiga mini ba.

Asabar shago ya cika har ƙofa, har da waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin awa ba. Na loda na uku, na faɗi dokar. Bitrus ya fara. Sale ya kalli taron da ya kewaye kujerar, ya kalle ni. Ka san abin da na roƙe shi ya yi, Buba: Bafulatani shi kaɗai ya ba ɗaki cike da samarinmu baya. Ya juya. Zufa na bin dogon wuyan nan. Akwai wani yaro riƙe da kwalbar lemo, wallahi ban ɗauke ido daga kwalbar nan ba.

Da layin Sale ya zo, Bitrus ya tashi ya harɗe hannu, ya ƙi motsi. Ya ce, "Ni ba na ba shi bayana." Na buɗe baki, Sale ya yi mini alama da hannu in bari. Ya zauna ya buga ana kallon duk sirrinsa. Kuma ka san me ya fara ginawa? Garke! Jini ba ya ƙarya, ku dai ba ku jin magana.

Haka aka yi ta yi. Sale ya juya, Bitrus ya ƙi. Sale ya juya, Bitrus ya ƙi. Har mahayan Bitrus suka iso bakin garin Sale, garin da ko ganuwa babu. Yara suka ɗauki ihu, a gama da shi, a ƙone. Sale yana jin komai, yana fuskantar layin dogo, amma bai waiwaya ba.

Hannun Bitrus ya daɗe a kan maus. Ba allon yake kallo ba, ƙeyar Sale yake kallo. Ni kuwa ina ta kiran sunan Ubangiji a zuci. Sai na ga ya danna sebin ya ajiye wasan, ya ture kujera. Ya ce, "Ya gina ganuwa tukuna. Ba na cin wanda bai iya ba." Ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Bai janye mahayansa ba, suna nan a bakin garin. Bai kuma juya baya ko sau ɗaya ba. Amma bai goge wasan ba.

Ban san ko na zaɓa daidai ba, abokina. Tsoro bai sake ni ba, kuma rabin yaran ba su dawo shagon ba. Kewarka nake yi, kai da za ka yi dariya ka ce in daina zullumi kamar kazar da ta ga shaho.

Ubangiji ya tsare Sale a hanyar Kachia, tafiya da dawowa. Ya sanyaya zuciyar Bitrus, ya ji ƙan Yaya Yohanna. Ya ba ka ruwa da ciyawa inda kake, ya kawo ka gida ina da rai.

Da na buɗe na uku don yaran, na tarar da namu wasan yana nan a ajiye yadda muka bar shi. A layinka ya tsaya. Ban buɗe ba, Buba, ban ga inda ka sa shanunka ba. Ka zo ka buga.

Naka har kullum,
Ayuba, bayan tasha