Kunnen Yaya na Hagu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka. Ka san ni da waya ba ma shiri, rabin magana nake ji, shi ya sa na haɗa takardar nan da ƙullin da direba zai miƙa maka.

A ciki akwai iyafis guda biyu, irin wanda ake cusawa cikin kunne, ɗaya baƙi ɗaya ja. 'Yarka ta ci jarrabawa, na ce ta faɗi abin da take so, ta ce wannan. Yarinyar nan ko wanke-wanke take sai da waƙa. Maƙwabcina mai shagon kayan waya ya ce in gwada duka biyun in mayar masa da ɗaya. Na sa, na cire, na sake sawa, ni dai duk ɗaya na ji su. Ina ni ina alƙalanci da kunne ɗaya? Kai kuwa da kunne kake cin abinci a ɗakin ɗaukar waƙa. Ka zaɓa mata. Na rubuta sunan waƙar da ta fi so a bayan takardar nan, ka gwada da ita. Kuma ka rubuto mini bambancin dalla-dalla, ina so in san abin da ku masu kunne biyu kuke ji.

Ka gaida gida.
Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa tare da girmamawa. Saƙo ya iso lafiya. Allah ya ƙara wa 'yata basira.

Na rufe ƙofar wajen aiki, na kashe fanka, na saurari waƙar sau uku da kowanne. Jan yana da ruɗi. Da ka sa shi sai ganga ta cika maka kai, ka ce ai babu kamarsa. Amma gangar tana danne muryar mawaƙiyar, kuma ƙarar kuge tana sukar kunne, kafin rabin awa mutum ya gaji. Baƙin ba shi da hayaniya. Murya tana fitowa tas a tsakiya, har jan numfashinta ana ji. Kowane kayan kiɗa yana wurinsa: ganga a dama, sarewa can a hagu, siririya, tana bin muryar a baya. A cikin jan da ƙyar ake tsinto sarewar.

Ka ba ta baƙin. Ka ce mata kada ta ƙure ƙara. Don Allah ka jaddada mata wannan.

Na dawo da su ta hannun direba. A gaida Anti da yara.
Ƙanenka

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kai, ka iya bayani! Sai dai ka sa ni abin dariya. Na ce wa 'yarka wace sarewa kuma baffanki yake faɗa? Ni ban ji wata sarewa ba. Sai ta ciro na hagun ta sa mini a kunnen dama. Auta, ga sarewa nan raɗau! Na tsayar da keken ɗinki, na zauna ina ta sauya su, wannan in ji ganga, wannan in ji sarewa, yaran shago suna kallona kamar na zare. Mai jiran wandonsa har ya yi fushi.

Daga baya sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa. Ka san har ya koma ga Allah bai daina cewa shi ya kashe mini kunne ba, wai shi ya manta bai kashe injin iska ba ranar da tayar nan ta fashe a shagonsa na faci. Da yana raye da na nuna masa wannan dabara, ya ga ba abin da ya wuce ni, sai dai in ji shi bi da bi.

Ta ɗauki baƙin, tana godiya.
Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun na yayyaga su.

Baba bai manta ba. Ya kashe injin kafin ya fita, a gabana ya kashe shi. Ni na kunna.

Kana tsugune a bakin shagon faci, ka manna kunnenka na hagu a tayar babbar motar nan kana neman inda iska ke fita. Bututun injin yana maƙale a jikinta. Ina da shekara tara. So nake in ga allurar agogon injin tana hawa, shi ke nan, ba wani abu ba. Na danna, ta hau, ta ci gaba da hawa, na rasa yadda ake tsayar da ita. Sai ƙarar. Na gan ka a ƙasa, jini yana bin wuyanka. Na gudu bayan tulin tsofaffin tayoyi na ɓuya.

Da Baba ya dawo ya tarar da injin yana aiki, ya dafe kai ya ce, "Ni ne, ni na bar shi." Ina jin sa. Na yi shiru. Na ce gobe zan faɗa. Ya rufe shagon ya koma gadi, na yi shiru. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kula da yayanka, na cuce shi." Na ce to, Baba.

Shekara ashirin da shida ke nan. Kullum a wajen aiki ni ke raba sauti, wannan hagu, wannan dama, kuma ban taɓa tura wani abu hagu ban tuna da kai ba.

Ban san ko ina da bakin neman gafara ba. Duk abin da ka yanke daidai ne.
Ƙanenka

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Ka ga na yi mako uku ban rubuto ba. Ban iya ba ne.

Maganar kunne na yafe maka, duniya da lahira. Yaro ne kai. Amma ta Baba ba tawa ba ce da zan yafe. Ba yaro ba ne kai a asibiti. Inna ce ta zauna da shi shekara goma sha tara yana cin kansa, ita ta san abin da ta gani. Har yau in an ambaci shagon nan sai ta tashi ta bar wurin.

Ranar Asabar da hantsi zan je wajenta. Ka zo. Da bakinka za ka faɗa mata, ba zan taya ka ko da kalma ɗaya ba. Amma ina nan zaune har ka gama.

Yayanka