Sunan Ɗan Fari a Kan Ƙyalle

Ƙofar Wambai, Bauchi

Zuwa ga 'yata Habibatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Fati, tarin ya sauka? Kada ki bar ta tana wasa da ruwa.

Kada ki yi mamakin rubutun nan, hannuna ne. Na yi ta kiran wayarki ba ki ɗauka, na ce bari in gwada abin da aka koya mini. Tun ranar sadakar arba'in da kika koma Gombe, maganarki take cina. Kin ce yayanki ya rasu ban zubar da hawaye ba, ko sunansa ban ambata ba. Habibatu, ɗan fari ne. Haka na taso na ga uwata tana yi: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ban san yadda ake kwance wannan ba don kawai ya mutu.

Na koma makarantar yaƙi da jahilci. Malamarmu Liatu daga Yelwa take zuwa, Kirista ce, ita ma mijinta ya rasu bara. Da ta lura yawancinmu kowa da nata rashin, sai ta sayo farin yadi ta yayyanka, ta ba kowace ƙyalle. Kowa za ta ɗinka wani abu na mamacinta, ta sa sunansa a ƙasa, sannan a haɗa su su zama zani guda. Kafin ta kawo maganar sai da ta je wurin liman da ƙafarta ta yi tambaya, ta dawo ta ce mana ban da surar mutum. Matar nan ta burge ni.

Nawa ƙyallen yana ƙarƙashin matashi, ban taɓa shi ba.

Ki gaida maigidanki. Mahaifiyarki,
A'i

Ƙofar Wambai, Bauchi

Habibatu,

Sallama da fatan alheri. Ya yara, ya damina? Direban da na ba wasiƙa ya rantse a hannunki ya sa ta. Shirun naki yana hana ni cin abinci.

A ajinmu akwai Maman Olu, Bayerabiya mai sayar da zare a kasuwar Wunti. 'Yarta ce ta rasu wurin haihuwa. Ita ta kawo mana zare kyauta, ita take bi benci-benci tana gyara mana riƙon allura. Hausarta ta mai da mace namiji, amma wallahi idan tana ba da labarin yarinyar nan babu mai dariya. Kaskon suya ta ɗinka, don 'yar tata ƙosai take yi.

Ni keken yayanki na ɗinka da zare ruwan ɗorawa. Maman Olu ta juya shi sama da ƙasa ta ce wannan ai kwaɗo ne mai taya. Rabona da dariya irin ta ranar tun kafin ya kwanta.

Wurin sunan ne na tsaya. Yayata Khadijatu ta ji labari, ta zo har ɗaki ta ce in ji kunya, da furfurata zan rataye sunan ɗan fari a bango kowa ya gani. Na gaya wa Malama. Ba ta matsa mini ba, ta ce ko na bar wurin fari za a haɗa nawa da sauran, sai ta wuce benci na gaba.

Ba ki sani ba, shi ya kai ni makarantar nan a kekensa. A hanya yana tsokanata, wai tunda bakina ya ƙi kiran sunansa, ranar da na iya rubutu hannu ya biya shi. Na ce ya kalli titi.

Jiya na zana harafin farko da fensir.

Taki,
Inna

Ƙofar Wambai, Bauchi

'Yata Habibatu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah ya sa kuna lafiya.

Ranar Asabar aka rataye zanin a bangon aji. Ya cika bangon, har sai da aka naɗe gefe. Akwai carbi, akwai takalmin makaranta, akwai garmar wani tsoho na Tirwun. Mutanen unguwa sun shigo kallo. Malama ta ce kowace ta tashi ta karanta abin da ta ɗinka, ita ta fara da nata Istifanus.

Da aka zo kaina na miƙe, bakina ya ƙi buɗewa. Maman Olu ta yunƙura za ta karanta mini, Malama ta dafa mata hannu. Ba wadda ta yi tari, ba wadda ta kalli ƙofa. Jirana kawai suka yi. Ban taɓa sanin ana iya jiran mutum haka ba.

Na faɗa, Habibatu. Mika'ilu. Ashe suna ne mai daɗi a baki, na bar wa mutane shi duk tsawon rayuwarsa. Kukan da kika nema a gidan makoki, a kafaɗar Maman Olu na yi shi, har ɗankwalina ya faɗi.

Yaya Khadijatu tana bakin ƙofa, ta zo ne ta ga abin kunyar da idonta. Da aka watse na ji tana tambayar Malama a hankali ko akwai ragowar yadi. Kin san nata ɗan farin tun yana goye ya koma.

Ɗazu na ga kiranki, kafin in lalubo inda ake dannawa ya katse. Don Allah ki sake kira, wayar tana cinyata. Ba sai kin tsaya doguwar gaisuwa ba. Ki tambaye ni wa na rasa, zan gaya miki da bakina.

Mahaifiyarki,
A'i, uwar Mika'ilu