Abin da Ta Shuka a Cikin 'Yar Kumatu

Litinin, 3 ga Maris
Kwana arba'in da biyu da rasuwar 'yata. Jikata, 'Yar Kumatu, wata takwas. Yau kwana uku ba ta yi kashi ba, cikinta tauri kamar ƙwallo.

Talata, 4 ga Maris
Duk abin da zan ba ta sai na tace da rariya sau uku. Tsoro nake ta shaƙe. Ba zan iya rasa biyu ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Mun je asibiti. Nas ta tambayi me nake ba ta, na faɗa. Ta ce, "Kaka, ai abincin baƙin kike zubarwa!" Na ce waɗanne baƙi kuma?

Wai a hanjin yaro akwai ƙananan halittu masu amfani, ido ba ya gani. A nonon uwa akwai wani irin sukari da jariri ba ya narkarwa, nasu ne. Shi suke ci su yi yawa, su kori masu cutarwa. Wake da ayaba da dankali ma suna da nasu irin, yawanci a wannan dusar da nake tsamewa. Ba sukarin shayi ba, ta ja min kunne. In dafa ya yi luguf, in murƙushe da cokali, in ba ta ruwa.

Ta ce, "Wata shida mamanta tana kiwonsu. Ke ci gaba kawai za ki yi."

Sai da na fito na yi kukan.

Juma'a, 7 ga Maris
Na murƙushe wake. Cokali biyu ta ci, na uku ta feso min a fuska.

Asabar, 8 ga Maris
Shiru. Babanta ya kira sau biyu daga wurin aiki.

Lahadi, 9 ga Maris
Ta yi! Har gadon baya. Na ɗaga kunzugun na nuna wa maƙwabciyata ta kan katanga. Ta toshe hanci: "Baiwar Allah, kashi ne fa, ba takardar makaranta ba!"

Laraba, 19 ga Maris
Kullum sau ɗaya, da laushi. In zan ba ta abinci nakan shafa cikin in ce, ku taso, baƙin 'yata, abincinku ya iso. Ban gaya wa kowa ba.

Maƙwabciya ta ari rariya tun Litinin. Ban nemi ta dawo da ita ba. Wai jiya ta ji ina waƙa. Ƙila rediyo ne.