Na'urar Karatunka Tana Jakata

Baba,

Kada ka wahalar da kanka da nema, na'urar karatunka tana jakata. Na ɗauke ta kana barci, na kasa tashinka.

Laifina ne. Jiya na tura wani rahoton sirri na ofis cikin tawa don in ƙarasa shi a mota, alhali doka ta hana yin hakan. Na manta ni na haɗa na'urorin biyu, duk abin da ya shiga ɗaya sai ya faɗa ɗayar. Da ka ce wani sabon littafi mara daɗi ya ɓullo maka, gabana ya faɗi. Na kira jami'in tsaronmu, ya ce: "Ki kawo su kafin ƙarfe takwas, za mu goge komai."

Komai fa, Baba, har layukan da ka shekara uku kana ja. Na roƙe shi, ko saurara bai yi ba. Ka yafe mini.

Idan sun kira ka, ka faɗa musu iya inda ka karanta a rahoton. Kada ka rufa mini asiri.

Littafinka kuwa, a shafi na 214 ka tsaya. Na duba.

'Yar autarka