Muƙaddamin da Baba Ya Samo Mana

Zuwa ga Yaya Abdussamad, Kasablanka.

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin tashar jirgi? Mu a Tarudant lafiya lau, zaitun ya yi kyau bana.

Yaya, albishirinka! Ka san tun rasuwar Si Larbi zawiyarmu ba ta da muƙaddami. To, saƙo ya iso daga Shehu a Fas, Baba aka naɗa. Da aka je gaya masa yana sharar tsakar zawiya, ɗan aike na ta jero kirari, abin da Baba ya ce masa kawai shi ne, "Ɗan ɗaga ƙafarka." Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Sai dai Si Allal mai turare, da ya sa rai shi za a ba, ya daina zuwa. Ya ja kusan rabin 'yan'uwa, a shagonsa suke wazifa yanzu. Baba ko kuskus ɗin Juma'a bai ci na kirki ba.

Ƙanwarka, Haduja.

*

Haduja sarkin surutu,

Na amsa gaisuwa. Wallahi yau ƙasa ba ta ɗaukata! Na aiko wa Baba farar jallaba da takalmi ruwan ɗorawa. Don Allah ki ɓoye tsintsiyar nan, girma ya zo. Si Allal kuwa ya sha turarensa.

Kin san mahaifin Na'ima, wadda nake nema, kullum kallon ɗan mai matsar zaitun yake yi mini. Jiya na ce masa ni ɗan muƙaddami ne. Da hannunsa ya zuba mini shayi! Ya ce Baba ya zo a yi magana. Ki gaida Inna.

Yayanki, ɗan Muƙaddami.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, ka zauna kafin ka karanta.

Baba ya sa jallabarka, ta yi masa kyau. Amma shagon Si Allal ya nufa da ita, ya zauna a sahun baya kusa da takalma, ya yi wazifa a bayansa. Da aka shafa ya ce, "Allal, na roƙi Shehu ya ba ka muƙaddamancin, ya yarda. Kai ka fi ni murya, ni da na ja baki tari ke kama ni."

Si Allal ya ce, "Mubarak, zuwa ka yi ka kunyata ni a gaban mutane?"

Baba ya ce, "Zuwa na yi in maido da 'yan'uwana. Shekarun nan ba a koya mana zama gaba ba, Allah aka koya mana ambata. Ko ta ina na zauna yana ji."

Sai Si Allal ya fashe da kuka, ya rantse ba zai karɓa ba. Duk da haka aka ɗunguma gaba ɗaya zuwa zawiya. Yaya, da ka ga tsofaffi biyu a bakin zawiya, kowa na tura ɗan'uwansa gaba! "Wuce!" "Kai dai wuce!" Mu mata muna leƙe muna dariya, har sai da ladan ya ce magariba za ta kuɓuce. Si Allal ya haƙura ya karɓa, ya wuce gaba yana share hawaye. Rabon da zawiya ta cika haka tun Maulidi. Baba ne ya zagaya da butar shayi, ya dawo gida ya cinye kwano guda.

Na gaya masa maganar mahaifin Na'ima. Dariya kawai ya yi.

Haduja.

*

Haduja,

Ina gaisuwa. Na yi fushi, na huce, na kuma yi dariya ni kaɗai a bakin aiki. Baba ke nan. Amma ni da wace fuska zan koma gidan su Na'ima? Mutumin ya riga ya shaida wa danginsa muƙaddami na tafe. Ki karanta wa Baba wannan.

Abdussamad, ɗan mai matsar zaitun.

*

Ɗana Abdussamad,

Assalamu alaikum. Haduja ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ka je yau ka gaya wa mahaifin yarinyar gaskiya, kada ka rage kome. In ya ce mu zo, muna tafe ranar Alhamis. Ka yi masa alkawarin muƙaddami, to zai ga muƙaddami: Allal ya ce ko da rarrafe sai ya zo, shi zai nema maka auren. Ni zan biyo shi da curin sukarin neman aure.

Takalmin ya matse ni, amma zan sa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka, Mubarak.