Koken Kawu Arzika da Na Rufe

Zuwa ga Yaya Shamsu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri a can Legas. Mu nan Bagudo lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma cin kasuwa, Safina kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, wallahi na gaji. Ka san a kamfaninmu na injin ban-ruwa ni ke karɓar koken manoma. Manaja ya ba ni manhajar nan da kake ta yabo, wadda ba sai mutum ya iya rubutun kwamfuta ba, ka jawo akwati ka ajiye, ka ce in kaza ya faru a yi kaza. Da na ga koke na yawan maimaituwa, sai na kafa doka cewa duk kiran da ya zo daga lamba ɗaya a haɗe shi wuri guda, in an yi gyara a rufe. Manaja ya yaba mini gaban jama'a, ni kuwa kai ya kumbura.

Abin da na manta, ni da aka haifa a ƙasar nan, shi ne a ƙauyen su Kawu Arzika, can bakin iyaka, layinmu ba ya kamawa. Wayar Sambo mai shayi kaɗai ke aiki don layin Benin gare shi, kowa da ita yake kira. Manoma goma sha ɗaya suka kira, manhaja ta mai da su mutum ɗaya. Makaniki ya je ya gyara injin Sambo, na danna an gama, sauran goman suka rufe. Kwana tara Kawu na jiran mai gyara, albasarsa da ta fara kai tana ƙonewa.

Da na gano kuskuren, dokar dai na cire ta cikin minti biyu, kamar yadda na kafa ta, amma albasa ta riga ta tafi. Jiya na hau mashin na je, na sami Kawu a gona yana tuge busasshen ganye. Bawan Allah ya tarbe ni da murna, ya sa aka kawo mini fura. Yana ta tsine wa kwamfutar kamfani, yana faɗa wa mutane cewa da koken ya faɗo hannun 'yarsa Raudatu, da ba a yi masa haka ba.  Yaya, na yi sallama na taho ban faɗa masa gaskiya ba, kuma kunyar kaina nake ji.

Ranar Juma'a zan koma in faɗa masa ni ce. Don Allah kada ka riga ni gaya wa Inna, ƙaninta ne.

Ka gaishe da Anti Ni'ima, da Sufyan da Mashkura. Ka sa ni cikin addu'a, Allah ya ba ni bakin faɗa.

Ƙanwarka,
Raudatu