Rediyon Motata a Motar Aminina

Anti Larai, don Allah ki taimake ni, zuciyata tafasa take yi.

Ni ne shugaban mawaƙan cocinmu a Sabon Tasha, kuma da kunnena nake taƙama. A mota nake sauraron faifan gwajin waƙarmu in gano muryar da ta kauce. Rediyon da motata ta zo da shi daga kamfani tsoho ne, amma kowace murya tana fita daban, har numfashin mai waƙa ina ji. Sai aminina Benson ya sa ni gaba, wai ina yawo da kayan tarihi, kowa ya koma mai allon taɓawa da ƙatuwar lasifika a but ɗin bayan mota. Na duba intanet ko wani masanin sauti ya kwatanta biyun, babu, sai 'yan talla. Ya kai ni wurin wani mai wayarin a Kakuri. Aka gwada mini sabon a tsakiyar ƙarar janareto da bugun ƙarfe, aka ƙure shi har gilashi yana rawa, ni kuma kamar wawa ina gyaɗa kai. Nan take aka cire tsohon aka saka mini sabon. Da na dawo gida na sa faifanmu, sai na ji mawaƙan kamar daga cikin rijiya. Na koma a mayar mini da tsohon, aka ce an riga an sayar.

Makon jiya Benson ya rage mini hanya, motarmu iri ɗaya ce. Anti, rediyona ne a ciki! Da tsagar da ke jikin maɓallinsa na gane shi. Ko kunya bai ji ba, har ƙara sauti ya yi yana bin waƙa.

Asabar mai zuwa za a ɗaura auren 'yarsa Diana, kuma mu ne za mu yi waƙa. Na ƙudurta in yi shiru sai ranar da safe in sallami mawaƙa, amarya ta shiga coci tsit, shi ma ya ɗanɗana. Matata ta ce na haukace. Ke ma haka kika gani?

Mai Kunne, Sabon Tasha

Mai Kunne, ciwonka na gaskiya ne, amma tsaya. A gareji, abin da aka cire idan mai mota bai nema ba, mai gyara yakan ɗauke shi nasa ne. Wataƙila Benson ya gani ya saya, wataƙila kuma tun farko shiri ne. Ko wanne ne, ɓoye maka da ya yi bai kyauta ba. Kai ma da naka: mai kunne irinka ya yarda a gwada masa sauti a cikin hayaniya, babu faifansa a hannu?

Ka same shi kafin Asabar, ku biyu kawai, ka gaya masa ka gane kayanka. Tunda mai allo yake yabo, ka ce ku yi musaya. Amsarsa za ta nuna maka ko wane ne shi. In ya ƙi, ka ja jikinka, ban hana ka ba.

Maganar biki kuwa, ramin mugunta gajere ake gina shi. Diana ba ta kwance maka ko noti ɗaya ba. Ubanta zai ji kunyar yini guda, ita kuma da shirun nan za ta riƙa tuna ranar aurenta har ta tsufa, tare da sunanka. Ka je ka yi wa yarinya waƙa.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ango da amarya zaman lafiya.

Anti Larai